Wa Zai Rubuta Mana Tsoron Agege?

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin ajiye kundaye na sashen Hausa domin laluben batun da zai yi aikin kammala digiri a kai, ya san irin kanun da zai tarar jere a kanta: jigon soyayya a littattafan wance, matsayin mace a ƙagaggun labaran wane, kishi, auren dole, tarbiyya da sauransu. Ba laifi ba ne, domin duk abubuwa ne da suka dame mu. Amma da wuya ka ci karo da kundin da aka yi a kan labaran ban tsoro da jan rai, alhali kuwa yawancinmu mun kwana da irin waɗannan littattafai a ƙarƙashin matashi, mun karanta su da tocila har fitsari ya matse mu muka kasa fita. Da mun shigo jami'a sai mu yi kamar ba mu san su ba. Idan ma wani ya ambace su a aji sai a yi dariya, a ce ai wannan tatsuniyar yara ce.

A nawa ra'ayin wannan raini asara ce babba. Labarin ban tsoro shi ne rumbun da al'umma take zuba abin da ba ta iya faɗa da rana tsaka, kuma wanda yake son sanin abin da ke hana mutanen wani gari barci a wani zamani, to ya nemi labaran da suke tsorata junansu da su. Marubutan Kano sun ɗan taɓa yi wa garinsu wannan aiki, aka saka musu da raini. Mu kuwa Hausawan Legas, mutanen Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende, namu tsoron yana nan a baki kawai, yana bin tsofaffi zuwa kushewa.

Bari in fara da misali daga nesa, domin a ga yadda abin yake idan ya samu gata. An haifi Stephen King a garin Portland na jihar Maine a Amurka ranar 21 ga Satumba, 1947. Yana ɗan shekara biyu uban ya sa ƙafa ya fita bai sake dawowa ba, uwar ce ta yi ta fama da ƙananan ayyuka ta rene shi da wansa. Ya gama Jami'ar Maine a 1970 da digiri a fannin Ingilishi, ya rasa aikin koyarwa da farko, sai ya shiga aikin wanki a wani kamfani yana wanke zannuwan asibiti da na gidajen abinci. A 1971 ya auri Tabitha, wadda suka haɗu a jami'a, ya kuma samu koyarwa a wata sakandare a garin Hampden a kan albashin dala 6,400 a shekara. Talauci ya kai su ga cire wayar tarho daga gida. A wannan hali ne ya fara rubuta labarin wata yarinya 'yar makaranta, ya yi 'yan shafuka ya ga abin bai yi masa ba ya jefa a kwandon shara, matar ta tsince su ta karanta ta ce ya ci gaba. Littafin shi ne Carrie, wanda ya fito a 1974. Kamfanin Doubleday ya ba shi kafin alƙalami na dala 2,500, daga baya aka sayar da haƙƙin buga shi a ƙaramin bugu mai araha a kan dala 400,000, suka raba biyu da kamfanin. Daga nan ya ajiye alli ya kama alƙalami, kuma yau sama da shekara hamsin ke nan bai ajiye ba. Shaye-shaye ya kusa halaka shi a shekarun 1980, har shi da kansa ya faɗi cewa da ƙyar yake tuna lokacin da ya rubuta Cujo. A ranar 19 ga Yuni, 1999 mota ta banke shi yana tafiya a gefen hanya, ya sha aikin tiyata, ya tashi ya koma kan teburinsa.

Ba kuɗin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, a'a, inda yake samo dodanninsa ne. Mutumin nan bai cika zuwa wata duniya ba, a jiharsa ta Maine yake kafa yawancin labaransa, a ƙananan garuruwa masu kanti ɗaya da makaranta ɗaya, cikin leburori da malaman makaranta da matan aure. Carrie labari ne na yarinyar da 'yan ajinsu suka mayar abin tsokana, uwarta kuma ta ƙuntata mata a gida, har ranar da tura ta kai bango. Pet Sematary na 1983 ya samo asali ne daga gidan da ya taɓa zama a bakin wata hanya da manyan motoci ke gudu a kanta, inda mota ta take kyanwar 'yarsa, ƙaramin ɗansa kuma ya taɓa rugawa ya nufi titin. The Shining na 1977 kuwa, in ka cire masa ado, labarin maigadi ne: wani magidanci da aiki ya ƙwace masa, ya karɓi gadin wani ƙaton otal da ake rufewa lokacin sanyi, ya tare da matarsa da ɗansa, kaɗaici da giya da abin da ke cikin ginin suka taru suka juya masa ƙwaƙwalwa. Mai karatu ya riƙe wannan maigadi a ransa, za mu sake bukatarsa.

Shi ma fa bai tsira daga raini ba. Shekaru da dama malaman jami'o'in ƙasarsa suna kallonsa a matsayin ɗan kasuwa mai sayar da firgici. Da gidauniyar littattafai ta ƙasar ta ba shi lambar girmamawa a 2003, fitaccen manazarci Harold Bloom na Jami'ar Yale ya fito a jarida ya yi tir da abin, yana ganin an zubar da darajar adabi. Amma hakan bai hana a 2015 Shugaba Obama ya rataya masa lambar fasaha ta ƙasa ba, kuma yanzu ana koyar da littattafansa a jami'o'in da suka ƙi shi.

To mu dawo gida. Bahaushe bai jira Bature ya koya masa tsoratarwa ba. Dodo yana cikin tatsuniya tun kaka da kakanni, ga maye mai kama kurwa, ga fatalwa, ga 'yan ruwa, ga mai ƙofaton da ake gamuwa da shi a kasuwa da tsakar dare. Da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da boko bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, waɗannan abubuwa suka biyo mu cikin takarda. Ganɗoki na Bello Kagara ya shiga ƙasar aljanu, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja bai samo ruwan ba sai da taimakonsu. Sai dai a waɗannan biyun aljani abin mamaki ne da nishaɗi, ba abin firgita ba. Wanda ya fi kusa da ban tsoro na gaske shi ne Jiki Magayi na John Tafida da East, domin a can sharrin cikin gida ya shigo: an ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, ya tafi ya nemo asiri, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, ɗan ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin ubansa. Babu ƙaho babu jela, amma duk uban da ya karanta sai gabansa ya faɗi.

Sai kuma 1982, lokacin da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, tare da su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ban ga littafin Hausa na wancan zamani da ya kai shi jini da tashin hankali ba. Mailoma da mutanensa ba aljanu ba ne, 'yan ƙasa ne da yaƙin basasa ya koya wa kisa, aka gama yaƙi aka bar su da makami da ƙwaya da daji. Wanda ya karanta shi a yau, yana kuma jin labarin abin da ke faruwa a dazuzzukan Zamfara da Katsina, zai yarda cewa marubucin ban tsoro wani lokaci yakan riga ɗan jarida ganin abu.

Zamanin da wannan fanni ya yi kasuwa sosai shi ne daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa na 2000, a cikin guguwar da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan guguwa soyayya ya kalla, har ake kiran littattafan gaba ɗaya da littattafan soyayya, amma a gefe akwai samarin da suka ɗauki wata hanya. Bala Anas Babinlata ya yi fice a labaran 'yan damfara da bincike, irin su Ɗa Ko Jika da Tsuntsu Mai Wayo, a lokacin da matasan Arewa masu jin Turanci ke haɗiyar littattafan James Hadley Chase. Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali da Naira Da Kwabo da Me Ya Fi Kuɗi da Zayyana, shi ne sunan da ya fara zuwa bakin mutane in an ce labari mai sa tsikar jiki ta tashi. Maje El-Hajeej Hotoro ya zo da Sirrinsu. Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma ya kama ɓangaren yaƙe-yaƙe da matsafa da aljanu ya riƙe.

A duba lokacin da suka yi tashe. Lokaci ne da Naira ta karye bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, albashi ya daina kai wata, amma sai ka ga wani da ba a san sana'arsa ba ya tashi da gida da motoci cikin dare ɗaya. Me mutane suka ce? Ɗan shan jini ne, ɗan yankan kai ne, ya ba da ɗansa. Lokaci ne da ake ta jita-jitar shafi-mulera, har akan yi wa mutum dukan kawo wuƙa don ya gaisa da wani a tasha. A tsakiyar shekarun 1990 ne kuma 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna rawa da sambatu, abin da aka kira Sumbuƙa, daga nan ruƙiyya ta bazu a gari. Littattafan ban tsoro na wannan zamani daga wannan ƙasa suka tsiro, kuma tambayar da ke ƙarƙashin da yawansu ita ce wadda kowa yake yi a zuci: kuɗin nan daga ina, kuma wa aka yanka kafin a same su? Masanin tarihin da zai rubuta halin da talakan Kano ya shiga a zamanin soja, in ya tsallake waɗannan littattafai ya tsallake shaidu.

Amma ina sakayyar? King ya samu kamfanin da ya biya shi kafin bugu, da edita, da lauya, da kason da ke shigo masa duk kwafin da aka sayar. Marubucin Kano shi ne mai rubutu, shi ne mai neman kuɗin takarda, shi ne mai zaryar maɗaba'a, sannan ya ɗauki kaya ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari su karɓa bashi, su biya shi kaɗan-kaɗan in sun ga dama. Dole ta sa ake yanka labari ɗaya gida uku ko huɗu a 'yan siraran littattafai, domin kuɗin na ɗaya ne zai buga na biyu. Kwafi ɗaya kuma a shagon haya zai zaga unguwa guda, marubuci bai ga ko kwabo ba. Ana cikin haka hukuma ta shigo da nata. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma aka yi ta kai ruwa rana tsakanin marubuta da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a kan batun yi wa kowane marubuci rajista da duba littafi kafin ya fita. Daga baya wayar hannu ta zo ta ƙarasa kasuwar takarda. Ba abin mamaki ba ne da manyan wannan fanni suka karkata ga rubutun fim da aikin jarida. Yaran yanzu da yawa sun san Nazir Adam Salih ne ta Gidan Badamasi, wato mutumin da ya hana iyayensu barci shi ne yake ba su dariya. Ban ce ya yi laifi ba, kowa da bakin da yake ciyarwa, amma adabin zube ya yi rashi, mu kuma da ke sassan Hausa muna kallo ba mu ce uffan ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa: wai irin wannan rubutu yaɗa camfi ne, yana koya wa yara tsoron wanin Allah. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta wani ɓangare, don akwai littattafan da babu komai cikinsu sai ƙwarangwal da jini da aka kwaso daga finafinan Indiya da na Amurka aka sa musu hula. Waɗannan a soke su, aikin manazarci ke nan. Amma sukar littafi daban, kore fanni ɗungurungum daban. Samuwar aljanu ba marubuci ne ya ƙago ta ba, sura guda ke ɗauke da sunansu a Alƙur'ani mai girma. Tsoron maye da boka kuwa yana cikin gidajenmu ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma littafin da ya nuna yadda mai zuwa wurin boka yake ƙarewa ya fi shiru amfani. Daɗin daɗawa, a wannan sashe namu muna zama mu nazarci tsoratarwa a waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu, mu fitar da yadda malamai suka siffanta kabari da wuta don zukata su girgiza. Me ya sa dabarar da muke yaba wa a waƙa ta zama abin kunya a zube?

Su ma marubutan ina da ƙorafi a kansu, kuma shi ne ya kawo ni Agege. Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida, to da yawansu sun ɗauki karin maganar nan da gaske fiye da kima. Da labari ya fara zafi sai a kwashe mu zuwa wani kogo a bayan duniya, ko birnin matsafa mai suna irin na Larabawa ko Farisawa, a shekara dubu kaza da ta wuce. Mai karatu zai ji daɗi, amma in ya rufe littafi ya rufe tsoron, domin ya san ba zai taɓa bin wannan hanya ba. Legas kuwa in ta fito a littafin Hausa, yawanci wuri ne da Alhaji yake zuwa fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, ko inda yarinya take gudu ta lalace. Da ƙyar za ka ga an ɗauke ta a matsayin garin da Bahaushe yake haihuwa, ya yi kaciya, ya yi aure, a binne shi.

Alhali kuwa mun daɗe a nan. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawan da ke Ikko. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901, daga baya ya kai Kano, Agege kuma tana kan wannan layi, ga gonakin goro kewaye da ita. Goro ya yi Arewa, shanu suka yo Kudu, fatake suka kafa zango, zango ya zama unguwa mai sarki da limamai da makabarta. Har gobe mayankar Oko-Oba tana ci da guminmu. A nan ne kuma Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya dawo da makarantarsa ta Markaz a shekarun 1950. Akwai gidajen da an haifi kaka a Agege, an haifi jika a Agege, yaran suna juya Yarabanci kamar ruwa. In sun je Kano a ce musu 'yan Legas, a yi dariyar Hausarsu, in suna Legas a kira su aboki. Mutumin da gida biyu duk suke masa kallon baƙo, ai tun kafin a kawo aljani labarinsa ya riga ya fara ban tsoro.

Yanzu a dawo da maigadin nan na King. Shin akwai garin da ya kai Legas yawan masu gadi Hausawa da Buzaye? Mutum ya baro ƙauyensu a Sakkwato ko Maraɗi, an ba shi ɗan ɗaki a bakin ƙofar wani ƙaton gida a Ikoyi ko Lekki, masu gidan suna Ingila, shi kaɗai ne da rediyo da buta da tocila. Ba ya jin harshen maƙwabta. An ce masa akwai ɗaki ɗaya a sama da ba a buɗewa. Wata rana da dare ya ga fitilar ɗakin a kunne. Wa zai gaya wa? In ya je wurin 'yan sanda shi za a fara tsarewa, in ya gudu an ce ya yi sata, in ya zauna kuma ga abin da yake ji a saman bene. Wannan fa ba sai an je bayan duniya ba, kuma duk wanda ya zauna a majalisar mai shayi a Agege ya ji labari mai kama da shi daga bakin wanda ya rantse cewa a kansa ya faru.

Haka hanyar manyan motocin nan ta Pet Sematary, muna da wadda ta fi ta. Layin dogo ya ratsa tsakiyar Agege, shekara da shekaru ana kasa kaya a gefensa, yara suna tsallaka shi zuwa makaranta da Islamiyya. Ba a manta da safiyar 9 ga Maris, 2023 ba, da jirgin ƙasa ya ja motar ma'aikatan gwamnatin jiha a mararrabar PWD kusa da Ikeja. Ga motar da ake kira wan-cans, wadda za ka shiga da asuba ka tarar duk fasinjojin cikinta bakinsu ɗaya, kai kaɗai ne baƙo. Ga ɗan acaɓar da ya ci bashi ya sayi babur, aka hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, aka kama babur ɗin aka niƙe a gabansa. Ga babban tsoron ɗan ci-rani, wanda ba ya faɗa ko ga abokin kwanansa: ya mutu a titi babu takarda a aljihu, gawarsa ta kwana a ɗakin ajiye gawa ba wanka ba sallah, a gida kuma uwa tana ta jiran ya dawo da damina.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan nauyi. Manyanmu sun ga rikicin kasuwar Mile 12 da Ketu a Nuwamban 1999, sun ga na Ajegunle a Oktoban 2000. A ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi ta fashewa, jama'a suka ruga cikin duhu ba su san inda suke sa ƙafa ba, sama da mutum 1,000 suka halaka, mafi yawansu a magudanar ruwa ta Oke-Afa, Yarabawa da Ibo da Hausawa duk ruwa bai tambayi yarensu ba. Ba a yi mako guda ba faɗa ya ɓarke a Idi-Araba. Mile 12 ta sake kamawa a Maris 2016. Jaridu sun ƙirga gawarwaki sun wuce, amma yadda mace take ji in ta kwanta da yaranta da takalma a ƙafa, tana saurare ko hayaniyar da take ji ta biki ce ko ta wani abu, wannan sai ƙagaggen labari. A nan dole in ja kunnen duk wanda zai ɗauki alƙalami: kada ya mayar da maƙwabci dodo. A kowane ɗayan rikice-rikicen nan akwai Bayaraben da ya ɓoye Bahaushe a ɗakinsa da Bahaushen da ya ɓoye Bayarabe, kuma abin tsoron na gaskiya shi ne yadda jita-jita guda take mayar da mutanen da suka ci abinci tare jiya su zama ba su san juna ba. Marubucin da ya sauƙaƙa abin ya ce wancan yare ne mugu, ya rubuta takardar tunzuri ne, ba adabi ba.

Maƙwabtan namu ma sun riga mu gane darajar wannan fanni. D.O. Fagunwa ya fitar da Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale a 1938, labarin maharbi a dajin iskoki, Yarabawa ba su ce tatsuniyar yara ba ce, sai da Wole Soyinka da kansa ya fassara shi zuwa Turanci a 1968, kuma babu sashen Yarabanci da zai yaye ɗalibi bai san shi ba. Fim ɗin Living in Bondage na 1992, wanda ake cewa shi ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo ta Kudu, labarin mutumin da ya ba da matarsa ne don ya yi kuɗi, kuma a cikin Legas ɗin nan aka kafa shi, da titunanta da motocinta. Nuzo Onoh, 'yar Inugu da ke zaune a Ingila, da fatalwowin ƙasar Ibo ta samu lambar Bram Stoker ta girmama aikin rayuwa, irin wadda aka taɓa ba King.

'Yan'uwana ɗalibai, aikin da ke gabanmu iri biyu ne, kuma babu wanda yake bukatar izinin kowa. Na farko na nazari ne. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin littattafan Hausa na kasuwa sama da 700 da aka buga tsakanin 1987 da 2002, aka adana su a Landan. A nan gida kuwa kwafin da suka iso Legas a cikin buhunan 'yan kasuwa suna ruɓewa a akwatunan iyayenmu mata da kuma wurin masu kasa littattafai a bakin masallatai, domin takardar jarida aka buga su da ita, ba ta jure damshin Ikko da kyankyasai. Duk wanda ya je hutu ya tambayi yayarsa ko gwaggonsa, ya karɓo abin da ya saura ya kawo ɗakin karatu na sashe, ko da babu bango. Marubutan nan kuma yawancinsu suna raye, ana iya zuwa Kano a zauna da su a ɗauki tarihinsu daga bakinsu, wanda ya ishi kundin digiri har ya yi saura.

Na biyu na rubutu ne. Ina roƙon hukumar wannan mujalla ta ware shafi huɗu a fitowa ta gaba domin gajeren labarin ban tsoro, da sharaɗi ɗaya tak: ya faru a unguwar da marubucin zai iya zuwa da ƙafa ko da kuɗin mota ɗaya, a ambaci titi da tasha da irin abincin da ake sayarwa a bakin hanya, mutanen ciki kuma su yi magana da Hausar da ake yi a wurin, har da Yarabancin da ya shige ta. Wanda ya rasa ta inda zai fara, ya sayi shayi da burodin Agege bayan sallar isha'i, ya zauna kusa da tsofaffin masu gadi da mahautan Oko-Oba, ya yi shiru da bakinsa har wajen ƙarfe goma sha ɗaya.